Kawu ya ce aikina bai yi ba, kwastomomi sun ce ya yi

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, a Zariya nake. Da na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba, sai na koma shagon kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda tela ne tun kafin a haife ni. Yanzu na iya yanka, na iya ɗinki, kuma ni nake zana aikin wuya da na aljihu a kwamfuta. Damuwata ita ce duk abin da na fitar sai Kawu ya kushe. Zai ɗauki riga ya jujjuya, ya ajiye, ya ce "bai yi ba", shi ke nan. Wani lokaci har ya sa a farke a sake. Amma in na sa hoton aikin a Instagram yabo nake sha, har oda nake samu. Kwanan baya na ga wata magana a Facebook, an ce wani masanin falsafa mai suna David Hume ne ya faɗe ta, wai kyau ba a jikin abu yake ba, a zuciyar mai kallo yake, kowa da irin kyan da yake gani. Na faɗa wa Kawu haka a gaban yaran shago. Tun ranar bai sake duba aikina ba, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Mahaifiyata ta ce in ba shi haƙuri, ni kuma ina ganin gaskiya na faɗa. Ina da 'yan kuɗin da zan iya kama shago. In tafi ne ko in zauna? Kuma wai akwai wanda ya isa ya ce abu bai yi kyau ba, alhali wasu sun ce ya yi?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Bi maganar mahaifiyarka, yau ɗin nan in da hali. Ko da a ce abin da ka faɗa gaskiya ne tsantsa, wurin da ka faɗe shi bai dace ba. Mutumin da ya riƙe almakashi tun ba a haife ka ba, ka tsaya gaban yaran da yake koya wa sana'a ka nuna idonsa da na mai wucewa a titi duk ɗaya ne. Gobe in ya ce wa ƙaramin yaro ya farke aljihu, da wane baki zai faɗa? Ka same shi a gida, ba a shago ba, ka durƙusa ka ce ka yi kuskure. Kar ka liƙa masa "amma" a ƙarshe.

To, sai maganar Hume. Ba ƙarya aka yi masa ba, kalaman suna cikin rubutunsa, sai dai an yanko maka su ne an bar abin da ya biyo baya. Mutumin ɗan Sikotland ne, an haife shi a Edinbara a 1711, a can kuma ya mutu a 1776. A 1757 ya fitar da wata gajeriyar maƙala a kan ma'aunin da ake gane kyau da shi. A farkonta ya kawo wannan ra'ayi da ka gani a matsayin abin da wasu masu falsafa ke faɗa, ya shimfiɗa shi sosai, ya ba shi haƙƙinsa. Sannan ya juyo ya ce akwai wani abin da hankalin kowa ya sani, wanda ya ci karo da shi. Ya ɗauko mawaƙan Turanci biyu, John Milton, wanda ya shahara, da John Ogilby, wanda bai kama ƙafarsa ba, ya ce duk wanda ya ce waɗannan biyun kai ɗaya suke, daidai yake da mai cewa ɗan tsibin ƙasar da dabba ta turo daga raminta ya kai dutsen tsibirin Tenerif tsawo, ko kududdufi ya kai teku faɗi. Dutsen nan ya haura mita 3,700. Hume ya ce ba a rasa wanda zai fifita Ogilby, amma ba mai sauraronsa.

Kai ma da ka jefi Kawu da maganar, ba ka yarda da ita ba. In sabon yaro ya ɗinka maka aljihu a karkace, ba ka cewa ai a idonsa ya yi kyau. Kuma ba kowace riga ka fitar kake sa hotonta a Instagram ba, zaɓe kake yi, wata ka ɓoye ta. Da me kake zaɓen? Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ashe kai da Kawu kun yarda akwai aikin da ya fi wani. Rigimarku a kan wa ya fi gani ce.

A nan ne Hume ya kawo wani labari da ya aro daga littafin Don Quixote na Cervantes, marubucin ƙasar Sifen. Labarin giya ne, na mutanen can, ba ruwanmu da abin da ke cikin gangar. An kira wasu mutum biyu 'yan gida ɗaya, waɗanda suka yi suna wajen ɗanɗano, aka ce su ɗanɗana wata tsohuwar giya da kowa ke yabo. Na farko ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce tana da kyau, sai dai yana jin ɗan ƙanshin fata. Na biyu ya kurɓa, shi ma ya yaba, amma ya ce yana jin ɗanɗanon ƙarfe. Jama'a suka yi ta yi musu dariya, ana cewa iyayi ne kawai. Da aka shanye gangar, sai ga tsohon makulli a ƙasanta, ɗaure da 'yar igiyar fata. Abin da Hume ke so a gane shi ne, wanda harshensa ya fi kaifi yana jin abin da yake nan da gaske, ko da duk garin ba su ji ba. Ya ƙara da cewa ko da ba a taɓa shanye gangar ba, mutanen nan biyu su ne masu gaskiya, sai dai da wuya su iya rufe bakin masu dariya.

Ka ce Kawu yana jujjuya riga. Ka taɓa lura da inda yake kai hannunsa? Tsohon tela ba ya farawa da gaban riga. Yakan juya ta ya duba bayan aikin, inda zare ke ƙullewa. Yakan bi bakin aikin da babban yatsa, wurin da zare ya haɗu da yadi, ya ji ko yadin ya tattare. In zaren ya yi tsauri, ranar farko guga za ta ɓoye, amma wanki ɗaya zai tona, wuyan ya taso ya ƙi kwanciya har rigar ta tsufa. Yakan kama kafaɗun biyu ya ɗaga rigar sama ya saki, ya ga ko linzami ya sauka a miƙe ko ya ɗan kauce da faɗin yatsa, ko nauyin aikin aljihu yana jan rigar gefe ɗaya. Aiki mai cikowa a kan yadi marar nauyi yana da kyau a ido, amma allura ta riga ta cinye yadin, ranar da aka kai rigar wurin mabuga a nan za ta fara yagewa.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da hoto ke nunawa. Hoto gaban riga yake ɗauka, a goge, a ranar da ta fito daga keke, a cikin hasken da kai ka zaɓa. Mai danna maka alamar so ya kalle ta ne yana tafe da yatsa zuwa hoto na gaba. Hume ya yi magana a kan wannan tun ba a ƙirƙiro kyamara ba. Ya ce kallon farko yana zuwa da wani irin ruɗani, tunani na gaggawa, ba a gane yadda sassan abu suka zauna da juna sai an sake dubawa a natse. Ya kuma ce akwai wani kyau mai ƙyalli wanda bai wuce sama-sama ba, yakan burge da farko, ba da jimawa ba ya gundure. Ban ce aikinka irin wannan ba ne, ban gan shi ba. Na ce dai shaidun da ka kawo ba su taɓa rigar ba.

Amma Kawu ma yana da nasa. "Bai yi ba" ba koyarwa ba ce. Hume ya faɗi yadda ake gamsar da wanda idonsa bai nuna ba: a kawo masa ƙa'idar da ya yarda da ita, a nuna masa ita a jikin aikin da shi da kansa ya amince ya yi kyau, sannan a nuna masa inda aikin da ake gardama a kai ya saɓa mata. Wato a fito masa da makullin ya gani. Kawu bai yi maka haka ba, kuma kana da haƙƙi a kansa ya yi. Sai dai ka sani, da yawa daga cikin tsofaffin masu sana'a abin a hannunsu yake, bai taɓa biyowa ta bakinsu ba, don su ma ba da bayani aka koya musu ba. In ka ce masa "me ya sa bai yi ba?" zai ji kamar tuhuma ce. Bayan kun shirya, ka bari sai shago ya yi sauƙi, yara sun tafi sallah ko cin abinci. Ka ɗauko rigar da shi ya yi wadda kai ma ka san ta yi, ka shimfiɗa ta kusa da taka a kan teburin yanka, ka ce, "Kawu, nuna mini inda tawa ta ɓaci." Yatsansa zai faɗa maka abin da bakinsa ya kasa.

Kar kuma ka ɗauka ina nufin duk abin da Kawu ya ce ya zauna. Hume bai ba kowane tsoho alƙalanci don furfurarsa ba. Ya ce alƙalin gaskiya a wannan fage sai ya haɗa lafiyayyen hankali da kaifin ji, yawan aiki ya goge shi, yawan kwatanta wannan da wancan ya cika shi, kuma ya wanke zuciyarsa daga son rai. Ya ce irin waɗannan mutane kaɗan ne a kowane zamani, kuma ma'aunin shi ne abin da suka haɗu a kai, ba abin da ɗayansu ya faɗa shi kaɗai ba. Kawu ya fi ka gogewa nesa ba kusa ba, rigunan da suka bi ta hannunsa kai ko a hoto ba ka ga rabinsu ba. Amma sharaɗin ƙarshen nan, na son rai, shi ne wanda babba da yaro duk suke faɗuwa a kansa. Kai so yana hana ka ganin laifin abin da ka kwana kana zanawa. Shi kuma wataƙila kwamfutar ce ba ya ƙauna tun asali.

Akwai ma wani saɓanin da Hume ya ce ba laifin kowa ba ne, kuma ba a sasanta shi. Ya ba da misali da marubutan Rum na da. Ya ce ɗan shekara 20 zai fi son Ovid, mai waƙoƙin soyayya. Ɗan 40 zai koma wa Horace, mai nazarin zaman duniya. Ɗan 50 kuma wataƙila Tacitus, marubucin tarihi. Ba wanda ya ɓata a cikinsu, jini ne da shekaru. Haka nan bambancin zamani da na ƙasa. To, in kai ka ɗora zare mai ruwan gwal a kan shuɗiyar shadda, Kawu kuma ya fi son zare ya saje da yadi ta yadda sai an matso za a ga aikin, wannan ba makulli ba ne a ƙasan ganga. Kai 26 kake, shi ya ba 50 baya. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. In ya iya ɗora yatsa a wuri ya ce ga shi nan, kuma bayan wanki ka ga abin da ya faɗa, aibi ne, ka gyara. In amsar ita ce "mu a zamaninmu ba a haka", ka ce to Kawu, ka bar shi da nasa ka riƙe naka.

Tun da kai ka kawo Hume, bari in faɗa maka wani abu a kansa, don kar ka mai da shi liman. A jimlar da ya kwatanta Milton da Ogilby, ya haɗa da wasu marubutan Turanci biyu, John Bunyan da Joseph Addison, yana nufin Addison ne dutsen, Bunyan ne tsibin ƙasar. Yau littafin Bunyan na 1678, The Pilgrim's Progress, an fassara shi zuwa harsuna da dama, ana ta karanta shi, Addison kuwa ya fi zama a hannun ɗaliban adabi. Wannan mai sauƙi ne ma. A cikin wannan maƙalar da yake wa'azin a bar son rai, ya yi maganar raini a kan Alƙur'ani. A wata maƙalar kuma, a 1753, ya ƙara wani bayani a ƙasan shafi yana cewa yana zaton baƙaƙen fata a halitta ƙasa suke da fararen fata. Saboda wannan ne a 2020 Jami'ar Edinbara ta cire sunansa daga wani dogon gininta, ta koma kiran ginin da adireshinsa. Mutumin da ya rubuta sharuɗɗan alƙalanci ke nan, ya faɗi a kan na ƙarshe, warwas. Ni dai abin da na fi yarda da shi a duk maganarsa shi ne gwajin daɗewa. Ya ce Homer, mawaƙin Girka na da, wanda ya burge mutanen Atina da Rum shekara dubu biyu da suka wuce, shi ake yabo a Faris da Landan, sauyin mulki da addini da harshe bai dushe shi ba. Gata ko son kai na iya ɗaga marar gwaninta na ɗan lokaci, amma ba ya ɗorewa.

Wani Bajamushe, Immanuel Kant, ya taɓo irin halin da kake ciki a littafin da ya fitar a 1790, har kamar da kai yake. Ya kawo misalin matashin mawaƙi wanda ya yi imani waƙarsa ta yi kyau. Ya ce jama'a da abokai ba za su iya raba shi da wannan imanin ba, in ma ya bi su, don neman yabo ne, ba don ya gani ba. Sai daga baya, in yawan aiki ya wasa masa ido, shi da kansa zai bar ra'ayinsa na da, ba wanda ya tilasta shi. Saboda haka ba na ce ka yi wa Kawu ƙaryar ka ga abin da ba ka gani ba. A shagonsa, rigar da za ta fita da sunansa take fita, maganarsa ce ta ƙarshe, in ya ce a farke a farke. Amma idonka naka ne, kuma ba a gyara shi da umarni. Kallo ne ke gyara shi.

Kallon kuwa kana zaune a inda ya dace. Zariya gari ne na masu ɗinkin hannu. Shiga cikin birni ka zauna wurinsu, ka ga yadda ake zana aska biyu da aska takwas a kan yadi kafin allura ta taɓa shi, ka ga yadda tambarin ƙirji yake amsa na baya, da yadda ake barin fili don aikin ya sami wurin fitowa. Yawancin matasan da ke zane a kwamfuta tsoron fili suke, duk inda suka ga sarari sai sun cike, don injin ba ya gajiya. Mai allura kuwa kowane ɗinki da guminsa yake yi, shi ya sa ba ya sa wanda ba a bukata. Ranar hawan Sallah ka je ƙofar fada, wannan karon rigunan za ka kalla, ba dawakin ba. In akwai dattijo a danginku mai tsohuwar babbar riga a adaka, roƙe shi ya fito maka da ita, ka juya bayanta.

Sannan ka gwada abu biyu. Ka nemi kwastomomin da ka yi wa aiki wata shida ko shekara da ta wuce, ka ce su nuna maka rigar yadda take yanzu, da idonka, ba a waya ba. Kuma ka ɗauki riga biyu ko uku daga cikin waɗanda Kawu ya kushe ka kai wa wasu tsofaffin teloli a wata unguwa, kowa daban, kar ka ce kai ka yi, kar ka ambaci Kawu. In duk suka kai yatsa wuri ɗaya, ka sami amsa. In wannan ya yaba launi wancan ya kushe, amma ba wanda ya ga aibi a ɗinkin, to saɓaninku da Kawu na shekaru ne, ka kwantar da hankalinka. Kar ka dawo masa da sakamakon a matsayin hujja, kowanne ya kasance. Don kanka ka yi.

Maganar kama shago, ba yanzu ba. Ba don ba ka isa ba, sai don tafiyar da aka yi a kan fushi ita mutane za su riƙe, kuma kawu ba maigidan da ake rabuwa da shi ba ne, za ku haɗu a kowane suna da kowane biki, mahaifiyarka tana tsakiya. Ka ba kanka zuwa bayan babbar Sallah mai zuwa. In lokacin ya yi kana nan a kan bakanka, ka sa mahaifiyarka ko wani babba a dangi ya yi masa maganar, shi ya yaye ka da bakinsa, ya sa maka albarka, in ya so ma ya raka ka ganin shagon.

Akwai kuma abin da ba ka faɗa ba a wasiƙar, ina so ka duba. Odar nan da kake samu ta Instagram, a keken wa kake yin ta? Wutar wa, man janaretan wa, kuma a lokacin aikin wa? In a shagon Kawu ne kuma ba ku taɓa zama kun yi maganar ba, zai yiwu wani ɓangare na "bai yi ba" ɗin nan ba a jikin rigar yake ba. Ran da za ka je ba shi haƙuri kar ka tayar da wannan, ka bari a kwana biyu. Daga nan ka same shi ka ce kana samun aiki daga waje, kana so ya faɗa maka abin da za ka riƙa ba shago a kan kowace riga, kuma kana so ya riƙa duba su kafin su fita.